Addarka ba ta mutu ba, mariƙinta ne ya gaji

1/ Jama'a, mu daina jefar da adda don kawai mariƙinta ya tsage. Adda mai araha ƙarfenta yakan yi aiki, a mariƙin ake yin ha'inci. Ka sayi sabuwa ma irin shi za ka tarar.

2/ Bara muna sassabe mariƙin tawa ya fara girgiɗi, na ɗaure da roba na ce zai kai. Sara ɗaya ƙarfen ya fice, ya wuce ta gefen ƙafar ƙanena. Wallahi Allah ne ya kiyaye.

3/ Da na koma gida na cire kusoshin, na goge tsatsar da samfefa. Na nemo marke, itacen da ake ƙotar fartanya da shi. Busasshe fa! Ɗanye in ya bushe tsukewa yake, ya sake kwancewa.

4/ Na tsaga shi biyu, ƙarfen a tsakiya, na huda daidai ramukan, na buga kusoshi na dake bakinsu. Na fere daidai tafin hannuna, na bar ƙarshen da kauri don kar gumi ya sa ta suɓuce.

5/ In ka kai wa mai injin wasa, kar ka bari bakin ya yi shuɗi. Zafi yana kashe ƙarfe, a riƙa tsomawa a ruwa.

6/ Yini ɗaya na ɓata, yanzu ko aro ba na bayarwa. Je ka girgiza taka tun kafin damina ta faɗi.