Mai Bin Hanya Shi Ya Kamata Ya Gyara Ta

A shekarar 1976 wasu samari a gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya, ƙasar Amurka, suka fara tseren kekuna daga kan tsauni zuwa gindinsa. Kafin a yi shekara goma wasan ya bazu, mahaya suka cika 'yan siraran hanyoyin daji waɗanda a da sai masu tafiya a ƙasa da masu dawaki ke bi. Nan fa ƙorafi ya tashi. Aka ce kekuna na kwakule ƙasa, suna firgita dawaki, hukumomi kuwa suka shiga rufe hanyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da mahayan suka yi shi ne abin lura. A 1988 kulob biyar na Kalifoniya suka haɗu suka kafa ƙungiyar IMBA, suka ce tun da su ke morar hanyoyin, su ne za su riƙa gyaransu kyauta. Har yau, ranar hutu sai ka ga malamin makaranta da akawu da ɗalibi sun jingine kekuna, sun saɓi diga da shebur da manjagara sun nufi daji, babu mai biyansu ko kwabo.

Aikin kuwa da iliminsa ake yinsa. Sun gane cewa ruwan sama ya fi tayar keke cin hanya, domin muddin ruwa ya sami miƙaƙƙiyar gangara sai ya bi ta da ƙarfi har ta zama kwazazzabo. Saboda haka ƙa'idarsu ita ce gangarar hanya kada ta wuce rabin gangarar tudun da ta ratsa, matsakaicinta kuma kada ya zarce kashi 10 cikin 100. Sukan ɗan karkatar da doron hanya zuwa gefe da kamar kashi 5 cikin 100 don ruwa ya tsallake ta, sa'an nan su bar 'yan kwaruruka jefi-jefi inda zai zurare. Sauran aikin shi ne sare rassa, kwashe itatuwan da iska ta kayar, da yashe magudanai.

Wasu za su ce ai wannan aikin hukuma ne, kuma in jama'a suka ɗauke mata shi sai ta miƙe ƙafa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma a duba yadda aka raba nauyin. Hukumar gandun daji ita ke da ƙasa, ita ke ba da izini, ita ke amincewa da tsari. Kulob ke kawo hannu da gumi. Ma'aikaci guda ba zai iya zagaye daji kowane mako ba, alhali mahayi ya san inda ruwa ya fara cin hanya tun ɓarnar tana ƙarama. Wanda kuma ya zubar da guminsa a kan hanya, hukuma kan saurare shi ranar da aka zo maganar rufe ta.

Mu a nan mun san wannan tun kaka da kakanni, sunansa aikin gayya. Da shi aka share hanyoyin ƙauye, da shi aka yashe rijiyoyi. Mun kuma ga tsabtace muhalli na dole a zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, 1984 zuwa 1985, mun ga yadda himma ta yi sanyi a wurare da dama da bulala ta kau. Abin da aka yi da son rai shi ke daɗewa.

To, ma'aikata da ɗalibai, kwalbatin da ya toshe a bakin layinku da turbar da ruwa ke ci a bayan makarantarku, ku ne masu binsu kullum. Ku haɗa kai, ku sanar da ƙaramar hukuma, ku sa rana kafin damina ta sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu gane.