Kafin a sayo na'urar iska mai ƙarfi, a fara samar da iskar

Hunturu na tafe, kuma duk mai zirga-zirga a asibiti ya san abin da sanyi da ƙura ke kawowa: yara masu limoniya, ƙirji na lotsawa, tsofaffi masu asma suna haki. Shi ya sa a wannan makon na ɗauko zancen wata na'ura da aka fara jin sunanta sosai tun zamanin korona, wadda ke hura wa maras lafiya iskar oksijin da ƙarfi ta hanci.

Ga yadda take aiki. 'Yar robar hancin da muka saba gani tana ba babban mutum lita 1 zuwa 6 na oksijin a minti ɗaya. Ita wannan na'urar tana iya kaiwa lita 60. Tana haɗa oksijin da iskar ɗaki, ta ɗumama shi zuwa zafin jikin mutum, ta sa masa laima don kada hanci ya bushe. Ƙarfin iskar yana kore tsohon numfashin da ya tsaya a hanci da maƙogwaro, yana kuma ɗan buɗe huhu. Maras lafiya na iya magana da cin abinci, ba kamar wanda aka zura wa bututu a maƙogwaro ba. A 2015 wani bincike da aka yi a Faransa da Beljiyam kan manya masu ƙarancin oksijin ya nuna mace-mace cikin kwana 90 sun yi ƙasa a wajen waɗanda aka sa wa ita.

To, abu mai kyau ne. Amma ra'ayina shi ne, a yankinmu ba ita ce farkon abin saye ba.

Mu yi lissafi. Babbar silinda tana ɗaukar kusan lita 6,800. Yaron da ake ba lita 1 a minti zai yi fiye da kwana huɗu da ita. Babban mutum da ke kan lita 60, rabi oksijin rabi iskar ɗaki, zai shanye ta cikin ƙasa da awa huɗu. Silinda shida ke nan a kwana ɗaya, don mutum ɗaya. Ƙaramin injin da ke tace oksijin daga iska kuwa lita 5 ko 10 yake bayarwa. Sannan na'urar ba ta aiki sai da wuta; KEDCO na ɗaukewa, in babu sola ko janareto a kunne, ta tsaya. Robobinta kuma ana canza wa kowane maras lafiya, ba kuma a kyamis ɗin bakin kasuwa ake samunsu ba.

Shaidar da aka samu a nan Afirka ma tana kira da a bi a hankali. Binciken COAST da aka yi kan yara masu limoniya a Yuganda da Kenya, aka fitar a 2021, ya gwada wannan na'ura da robar hanci ta yau da kullum. An tsayar da shi kafin a kammala, bai kuma yanke hukunci ƙarara cewa ta fi ceton rai ba.

Yaron da aka ɗauko daga Basirka ko Fagam cikin dare, abin da yake buƙata da farko ɗan ma'aunin da ake maƙala wa a yatsa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in awon ya yi ƙasa da kashi 90, a ba yaro oksijin. Ido ba ya gane wannan da wuri, balle a fata baƙa. Bayan awo sai iskar da ba ta yankewa, sai nas da ta san lita nawa za ta ba jariri, kuma tana dawowa ta sake dubawa.

Shawarata ga masu ruwa da tsaki guda uku ce. Na farko, kowane asibitin shan magani a ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu ya samu ma'aunin yatsa, har da mai girman na jarirai. Na biyu, a tabbatar babban asibitin Gwaram yana da injinan tace iska masu aiki da sola, da silinda ta ajiya, da motar ɗaukar marasa lafiya mai oksijin a ciki, don kada a cire wa yaro iska a hanya. Na uku, na'urar iska mai ƙarfi a ajiye ta a inda ake tura masu tsananin ciwo, kamar asibitin tarayya na Birnin Kudu, wato FMC, tare da kuɗin robobi da horo da mai gyara.

Wani zai ce, ashe mutumin karkara bai cancanci kayan zamani ba? Ya cancanta mana. Sai dai na'urar da ba iska ba wuta ba ta ceci kowa ba, ga kuma haɗari: in an sa wa mutum ita ba mai lura, ana iya jinkirta tura shi gaba har lokaci ya ƙure.

A watan Mayun 2023 babban taron lafiya na duniya, wanda Najeriya ke ciki, ya amince da ƙuduri kan wadata asibitoci da oksijin. Ranar 12 ga Nuwamba kuma ita ce ranar limoniya ta duniya. Kafin ranar, mu tambayi 'yan majalisarmu na Gwaram da na Birnin Kudu da Buji: a kuɗin aikin mazaɓa, nawa aka ware wa oksijin? In an ce za a kawo na'ura, mu tambaya silinda nawa take sha, wa zai riƙa cikawa, wa aka koya wa aiki da ita.

Ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure, ku ƙara mana haske. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.