ZANEN HAWAN SALLAH DA AMANAR TARIHI

Muna so mu jawo hankalin 'yan'uwa kan wani al'amari da ido ya saba da shi har ya daina tuhumarsa. Duk wanda ya shiga shaguna da ofisoshi a Gumel ko Gagarawa, ko ya zaga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, zai iya cin karo da kalanda ko allo mai ɗauke da zanen hawan sallar zamanin da. Ga dawaki ƙosassu, ga 'yan lifidi da 'yan sulke, ga masu algaita, ga talakawa cikin fararen riguna kowa na murmushi. Hukuncin zana abu mai rai malamai sun yi bayaninsa, ba shi muka nufa a yau ba. Abin da ya dame mu shi ne tarihin da waɗannan zane-zane suke koya wa 'ya'yanmu.

Haƙiƙa ƙasar Gumel ta sha wuya a ƙarni na 19. Ta daɗe tana gwabzawa da Haɗeja, ta kuma sha hare-haren neman bayi daga Damagaram, kafin Turawa su mamaye ta a 1903. Dokin da mai zane ya ƙawata dokin yaƙi ne, kuma dawar da ya ci da harawarsa daga gonar talaka suka fito. Shi kansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin zaluncin masu mulkin zamaninsa. Ina waɗannan a cikin zanen?

Haka nan hawan daba da ake tara sarakuna wuri guda, Turawan mulkin mallaka ne suka tsara shi domin nuna mubaya'a gare su. Lugga ya shirya irinsa a Kano a farkon 1913, kuma kafin ƙarshen 1914 yunwa ta hallaka ɗimbin jama'a a ƙasar Hausa. An sake yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da Sarauniya a Kaduna a 1956. Masu zane sun riƙe ƙawar taron, sun bar mayunwata a bayan allo. Bauta kuwa sai a 1936 doka ta soke ta baki ɗaya a Arewa.

Illar wannan ita ce yaron da ya tashi a Gagarawa zai ɗauka cewa zamanin kakanninsa duk biki ne da yalwa, sai ya yi ta begen abin da bai taɓa faruwa ba, ya kuma kasa gane zalunci idan ya zo masa sanye da alkyabba. Tun da hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun duniya a 2024, irin wannan ƙawatawa ƙara samun kasuwa za ta yi.

Saboda haka muna kira ga malaman makarantunmu da su tura ɗalibai wurin dattawan Gagarawa da Sule Tankarkar, su rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da haraji da aikin tilas da shekarun fari, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido. Masu zane kuma su ji tsoron Allah, su sani cewa tarihi shaida ne, kuma za a tambaye su a kan abin da suka ɓoye.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta, amin.