Babur mai caji da sana'ar kai saƙo: Daga Kantin Kwari zuwa Zurgu, batir ne zai yanke hukunci

Duk wanda ya tsaya a bakin Kantin Kwari ko Farm Centre da hantsi zai ga samari a kan babura, kowa da akwati a baya, waya a kunne, ana yi masa kwatance. Su ne 'yan dilibari. Matar aure a Hotoro ta sayar da turaren wuta ta WhatsApp, mai saye yana Rijiyar Zaki, su ne ke sada kayan da mai shi. Ba dukansu ne 'yan birni ba. Akwai 'yan ci-rani daga ƙananan hukumomi irin su Rano da Kibiya, waɗanda ke shigowa Kano da zarar an gama aikin gona.

Tun watan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, babur ya rasa fasinja, A Daidaita Sahu ta gaje shi. Ɗaukar kaya ce ta sake buɗe masa ƙofar neman abinci. Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023 ta zo, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da dama. Daga nan ne babur mai caji ya fara shiga ran masu wannan sana'a.

Abin da lissafi ya nuna

A ɗauki mai kai saƙo da ke cin kilomita 100 a yini. Babur irin Boxer zai sha masa kusan lita biyu da rabi. Ko da an ƙaddara lita a Naira 900, ya kashe 2,250. Babur mai caji na aiki kan ci wuta kamar yunit huɗu a wannan tazara. A kan farashin rukunin A na Naira 225 da hukumar NERC ta sa a Afrilun 2024, kuɗin bai wuce 900 ba. Ragowar 1,350 ke nan a kullum, sama da Naira 35,000 a kwanakin aiki 26. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kafireta.

Aikin cikin gari ma ya dace da shi. Tafiyar gajeru ce, tsaye-tsaye sun yi yawa, kuma a cunkoson Singa ko Ƙofar Wambai mai babur ɗin fetur yana ƙona mai yana tsaye, shi kuwa mai caji ba ya asarar komai. A nan babu gardama: a cikin birnin Kano, lantarki ya fi fetur sauƙi ga mai kai saƙo.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar ita ce wancan lissafi ya ginu ne a kan cewa akwai wuta. Mutanen Kano ba su manta da ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace a hannun ɓarayi, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, galibin Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu. Mai babur ɗin fetur ya ci gaba da aikinsa a waɗannan kwanaki. Mai caji kuwa sai ya jingine babur, ko ya kai batir wurin mai janareto, wanda shi ma fetur yake ƙonawa, ribar da ake taƙama da ita ta tafi.

Ko da akwai wuta, cika batir kan ɗauki sa'o'i. Sana'ar kai saƙo kuma sana'a ce ta lokaci. Wadda ta yi odar abincin rana ba za ta jira batir ya cika ba, za ta kira wani ne, gobe ma ba za ta sake neman na farkon ba.

Sai ingancin batirin kansa. Yawancin ƙananan babura masu araha da suka cika kasuwa an yi su ne don zuwa makaranta ko ofis, wasu da batir mai dalma irin na mota, wanda ba ya jure caji da sauke kullum. Zafin Kano na watan Maris da Afrilu, da kan haura maki 40, yana ƙara gajarta ransa. Batirin lithium ya fi ƙarko, amma shi ne ɓangare mafi tsada a jikin babur, kuma marar kyansa na iya kama wuta. A birnin New York na Amurka, inda 'yan dilibari suka dogara da kekuna masu caji, gobarar irin waɗannan batura ta kashe mutum 18 a 2023, shekarar da birnin ya haramta sayar da waɗanda ba su da shaidar inganci. Kasuwannin Kano da suka sha gobara ba sa buƙatar wani sabon mafarin wuta a cikin shaguna.

Wanda zai fi shan wahala idan aka yi kuskure shi ne matashin da ya sayar da amfanin gonarsa a Zurgu, ko ya karɓi babur bashi yana biyan balas kullum. Idan batir ya mutu bayan 'yan watanni, bashin yana nan, babur ɗin kuma ya zama ƙarfe a zaure.

Zurgu ba Sabon Gari ba ce

Akwai kuma batun nisa. Kayan da ɗan kasuwar Rano ko mai shago a Kibiya ya saya a birni, har yanzu direban mota ake ba wa a tasha, ya biyo ta Ƙarfi da Bunkure, a kira mai kaya ya zo ya karɓa. Zuwa da dawowa tsakanin Kano da Rano ya haura kilomita 100, abin da yawancin waɗannan babura ba za su iya da caji ɗaya ba, balle da kaya a baya.

Amma daga tashar Rano zuwa mazaɓu irin su Zurgu, Rurum, Saji da Lausu, nan ne babur mai caji zai iya yin rawar gani: magani, kayan waya, iri da taki kaɗan, saƙon 'yan uwa daga birni. A ƙauye fetur ya fi tsada, domin sau da yawa a hannun 'yan bumburutu ake samunsa. Rana kuwa kyauta ce. An gwada wannan a Gbamu-Gbamu ta Jihar Ogun, inda kamfanin MAX ya haɗa baburansa masu caji da ƙaramar tashar sola ta garin.

Abin da ya kamata a yi

Ƙasashen da abin ya kankama ba su bar direba da jiran caji ba. A Kigali ta Ruwanda, kamfanoni irin su Ampersand da Spiro sun kafa wuraren musayar batir: direba ya miƙa wanda ya ƙare, a ba shi cikakke cikin 'yan mintuna, ya biya kuɗin wutar. Batirin na kamfani ne, don haka idan ya lalace ba direba ne zai yi kuka ba. Sai da wannan tsari ya zauna sannan hukumomi suka daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a birnin daga Janairun 2025.

Wannan ne darasin da Kano za ta ɗauka. Al'adar 'yan siyasa ita ce a tara babura a fili, a raba, a ɗauki hoto. Idan aka yi haka da babur mai caji ba tare da wurin musayar batir ba, kuɗin jama'a ne za a zubar. Gara gwamnatin jiha ta ba da filaye a bakin Kwari, Singa, Farm Centre da tashoshin mota na Rano da Kibiya, 'yan kasuwa su kafa rumfunan sola na musaya. Hukumar SON ta tsaya kan batura marasa inganci tun daga shigowa. A koya wa kanikawan babur gyaran wannan sabon inji, domin wanda ya ƙware a kafireta ba lallai ya san kan waya da kwantirola ba. KAROTA kuma ta fito da rajista guda mai sauƙi ga masu kai saƙo, kada a maimaita abin da ya faru a Yulin 2020, lokacin da NIPOST ta tsawwala kuɗin lasisi har sai da minista Isa Ali Pantami ya dakatar da ita.

Shi kuma matashin da ke shirin saye, tambayoyi uku sun ishe shi kafin ya zaro kuɗi: wane irin batir ne a ciki, nawa ne sabonsa idan ya mutu, kuma ina zai yi caji ranar da KEDCO ta ɗauke wuta? Idan mai sayarwa ya kasa amsa ko ɗaya, gara ya riƙe Boxer ɗinsa tukuna.