Bindigar gadin gona: takardar garanti ko lasisin 'yan sanda?

Tun da maganar tsaro ta yi zafi a jihar Kebbi, musamman bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, nake jin matasa masu shirin kafa gona a wajen gari, ta Gwandu ko ta Kalgo, suna sa bindiga cikin lissafin jari, kusa da kuɗin abinci da na rigakafi. Har akwai mai tambayar wai in ya saya, ya yi mata rajista da kamfanin da ya ƙera ta saboda garanti, kamar yadda ya gani a YouTube?

A Amurka wannan tambaya tana da ma'ana. Can mutum yana sayen bindiga a shago, da kati a cikin kwali, ya cike ya aika wa kamfani. Amfaninsa shi ne in an gano matsala a ƙirar, a neme shi. Ya faru a 2014, lokacin da kamfanin Remington ya nemi a dawo da wasu bindigoginsa samfurin 700 saboda matsalar kunama. Masu ƙin cike katin kuma tsoronsu kada sunansu ya shiga wani kundi.

To mu nan wane kamfani? Bindigar da ake kawo wa manomi talla a ƙauye ko dai ƙirar maƙeri ce, ko wadda ta shigo ta ɓarauniyar hanya. Maƙeri ba ya ba da rasit, balle garanti. In bututun ya fashe a hannunka, sai dai a ce Allah ya kiyaye gaba.

Takardar da ke da nauyi a Najeriya ita ce lasisi. Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa su gida uku. Manyan makamai irin na soja, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta zamani, mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta yana ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, maganarta tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, wato mu Birnin Kebbi ke nan. Dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ita kanta ƙirar ma sai da izini. Sannan a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi bindiga su kare kansu, 'yan sanda sun fito sun ce takunkumin lasisi yana nan. Don haka duk wanda ya ce zai "yi maka hanya", ka je hedikwata da ƙafarka ka ji daga bakinsu kafin ka ba shi ko sisi. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne na ɗaurin shekaru, kuma kaji ba sa jiran mai su ya fito daga gidan yari.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi: lasisi da sunan mutum ɗaya yake fita. Kai kana kwana cikin gari, gonar tana bakin fadama, wa zai riƙe ta da dare? Maigadi. Ran da ya harbi yaron da ya zo satar tarwada biyu, ko ya harbi makiyayin da ya ratso da shanu, ku biyu za a kwasa, kuma rigimar da za ta biyo baya ta fi ƙarfin kududdufinka.

Ni ra'ayina, mai kaji 200 ko tarwada 1,000 ba shi da abin yi da bindiga. Masu manyan makamai ba harba-ka-ruga ce za ta tare su ba, sai ma ta jawo hankalinsu gonarka, don su ma makami suke nema. Ɓarawon da ya fi cin ƙaramin mai kiwo kuwa ba ya zuwa da dare. Yaron gona ne da ke rage buhun abinci yana sayarwa, ko kiret ɗin ƙwai da ke ɓacewa tsakanin gona da kasuwar Jega. Littafin lissafi ne ke kama wannan. Sauran asarar kuma zafin Afrilu da Mayu ne, da Gumboro, da ruwan da aka bari ya yi wari, da zalɓe da guza a bakin kududdufi, da muzuru. A cikinsu wanne za ka harba?

Kuɗin bindigar ka sa shi a waya ta kewaye, da raga a saman kududdufi, da fitilar sola mai kunna kanta, da kare, da ƙofa mai kwaɗo biyu. Ka gabatar da kanka wurin mai unguwa da 'yan sintirin yankin, ka riƙa biyan kuɗin sintiri ba tare da an bi ka ba. Makwabcin gona da kake ba ƙwai lokaci-lokaci ya fi kowa saurin kiranka in ya ga baƙuwar fuska. Kuma kada ka riƙa sanar da ranar kwashe kifi a Facebook, don Allah.

Shi kuma son garantin nan, ka kai shi inda zai yi maka aiki: injin ƙyanƙyasa, famfon sola, batir, inbata, janareta. Ka karɓi rasit mai kwanan wata da lambar na'urar, ka sa mai shago ya rubuta wata nawa ne garantin da hannunsa ya buga hatimi, ka ɗauki hotonsa a waya saboda tawadar rasit tana gogewa. Ka kuma tambaye shi tun kafin ka biya: in ta lalace, a Birnin Kebbi za a gyara, ko sai an aika Kano ko Legas, kuma wa zai biya kuɗin mota?