GONA DA DAJI: Wa Ya Cinye Dajin Damargu?

Ranar kasuwa a Belbeji ko a Bakin Birji, in rana ta take mutane suka taru a inuwa, hirar ɗaya ce: ƙasa ta gaji. Manomi ya ce gonar da ke cika rumbu biyu zamanin ubansa yau ba ta cika ɗaya. Makiyayi ya ce ciyawa kan ƙare tun sanyi bai fita ba. Mata su ce iccen girki sai an yi sammako, a dawo bayan azahar.

In aka tambaya wa ya jawo haka, manomi ya nuna makiyayi, makiyayi ya nuna manomi. Su biyun su haɗu su nuna mai saran icce, shi kuwa ya ce fari ne, daga Allah yake. Haka za a watse, kowa ya wanke kansa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Filin wannan wata zai duba tudun da kowa ke tsaye a kai.

DAMARGU TA JIYA

Tun zamanin kakanni an san Damargu da hatsi. Ayarin Abzinawa kan sauko da gishirin Bilma da dabino, ya koma da gero. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa ƙasar cikin watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishiri, ya kuwa rubuta cewa ita ce rumbun mutanen Abzin.

A wancan zamani ƙasa na da yawa, mutane kaɗan. In gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru, ta zama maiso, sabara da gamba su rufe ta, bisashe su yi kiwo su zuba taki, sannan a komo mata.

Cikin shekarun 1950 ruwa ya yi yawa a Sahel duka. Manoma suka yi ta matsawa arewa suna sassabe a wuraren da a da kiwo kaɗai ake yi. Ganin haka, ran 26 ga Mayu 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar iyakar noma ta arewa, iyakar kuwa ta bi ta ƙasar Tanut. Dokar ta hana buɗe sabbin gonakin damana arewa da layin, ban da ɗan noman da makiyaya ke yi don bakinsu da na lambuna. Ta kuma ce gonar da aka yi can, in bisashe suka shiga, babu biyan ɓarna.

Sai ruwa ya ja baya. Farin 1973 da 1974 ya kashe bisashe da itatuwa, na 1984 ya ƙarasa abin da ya rage. Mutane kuwa ƙaruwa suke yi. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 ta samu sama da miliyan 17. A wannan ƙidaya ta 2012 gundumar Tanut na da mutum fiye da 400,000, ta Belbeji, wadda aka ware daga Tanut a 2011, kusa da 100,000. Gona ta daina hutawa, gatari ma bai huta ba.

ƁARNA BA TA ZUWA DA GANGA

Babu ranar da aka yi shela aka ce a fito a kashe daji. Kowa ɗan kaɗan ya ɗauka, kuma kowa na da hujja.

Manomi, lokacin sharar gona, kan sare duk tohon da ya fito, ya tara ya sa wuta, don a ce gonarsa fes take. Yana tsoron inuwa, yana tsoron tsuntsaye su sami wurin sauka. Bayan girbi kuma sai ya kwashe kara kaf, na darni, na wuta, na sayarwa. Gona ta kwana tsirara daga kaka har bazara. Iskar hunturu ta ɗebe lallausar ƙasar sama, wadda ita ce mai abincin shuka, ta bar rairai. In an yi shukar fari, iskar hadari ta taso daga gabas ba abin da zai tare ta, rairai ya yanke hatsin ko ya binne shi. Sai a sake shuka, wata shekara har sau uku. Iri ya ƙare, damana kuwa gajera ce.

Wani manomin kan ƙara kunya biyu cikin burtali kowace shekara. Maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya gani, shi ma ya ƙara nasa. Bayan shekara goma hanyar da garke ke bi a sake ta zama ta jaki ɗaya. Ranar da shanu suka faɗa gona, sai a ce Bafulatani ya yi ganganci.

Makiyayi shi ma yana da nasa. In bazara ta yi tsanani yakan hau gawo ko aduwa ya sassare rassan duka, har da kan iccen, maimakon ya rage wasu. Icce in aka yi masa haka shekara biyu ko uku a jere sai ya bushe. Garke mai yawa kuma in ya daɗe a bakin rijiya ɗaya, kofato kan daka ƙasar wurin ta zama gari.

Mai saran icce kan fara da busasshe. In busasshe ya ƙare sai ya sari ɗanye, ya bar shi ya bushe, ya loda a amalanke. Ba don wutar ƙauye kaɗai yake yi ba: tukwanen Tanut da na Damagaram na cikin masu cin wannan daji, ko da masu su ba su taɓa riƙe gatari ba.

Mai kwasar ciyawa kan bi daji da manjagara ya share har ƙasa. Tare da ciyawar yake kwashe irin da zai tsira baɗi. Mai neman zuma, da mai farauta, da matafiyin da ya dafa shayi bai kashe garwashi ba, kowannensu na iya tada gobarar da za ta lashe kiwon gari goma cikin yini ɗaya.

In ƙasa ta rasa abin rufa, ruwan sama kan dake ta, fuskarta ta toshe, ta zama fako. Ruwa ba ya shiga, gudu yake yi. Ya haƙa kwazazzabo, ya kwashi rairai ya zuba cikin tabki. Tabkin da ke kai ruwa har rani sai ya ƙafe tun kaka. Inda tumfafiya ta yawaita a gona, ƙuduji ya mamaye hatsi, ƙasa ce ke kai ƙara.

RABON FARI DA RABON MUTUM

Gaskiya ne fari ya yi ɓarnar da ba hannun kowa a ciki. Gaskiya ne kuma mai saran ɗanyen icce sau da yawa yunwa ce ta tura shi, kuɗin tiyar hatsi yake nema. Tsohuwar dokar daji ta 1974 ma ta sa manoma na ganin icce na gwamnati ne. Wanda ya bar gawo ya girma a gonarsa yana tsoron tarar ƴan gandun daji ranar da ya taɓa reshe, don haka yakan kashe shi tun yana ƙarami.

Amma ruwan sama ɗaya ke sauka a kan gonaki biyu masu iyaka da juna. Mai itatuwa da kara a ƙasa ta riƙe danshi, shukarta ta jure kwanakin da ruwa ya ɗauke. Wadda aka share fes ta ƙone. Wannan bambanci aikin hannu ne. A shekarun yunwa kuma anza da jiga da ƴaƴan aduwa da magarya ne suka riƙe gidaje da yawa. Garin da ya sare su ya fasa rumbunsa na ƙarshe.

ABIN DA MAƘWABTA SUKA YI

Cikin watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka ɗauki alkawarin cewa aikin na kowa ne. Tun 1975 ma ake dashen itatuwa ran 3 ga Agusta. Sai dai iccen dashe yana son ban ruwa da shinge, da yawa ba sa ganin damana ta biyu.

A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a ƙasar Maraɗi, ya lura cewa ƴan kurmin da ake sarewa kowace shekara a gonaki toho ne na tsofaffin kututture masu rai, saiwarsu na can ƙasa inda danshi yake. In aka rage tohon aka bar ƙalilan, sai su miƙe su zama icce, ba dashe, ba ban ruwa, ba kuɗi. Manoma suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. A Magarya da Matamaye da Mirya kuwa manoma da kansu suka shiga rainon gawo, har gonaki suka koma kamar gandu. Masu bincike da suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan adam sun ƙiyasta cewa hekta kamar miliyan 5 ta farfaɗo, da itatuwa kamar miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Amfanin gawo sananne ne. Yana kaɗe ganye da damana, ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, ƴaƴansa abincin bisashe ne da rani, bisashen da suka kwanta a inuwarsa kuma su bar kashi.

Mutum ɗaya bai isa ya tsare icce ba. Wanda ya raini toho, ɓarawo ya zo da dare ya sare, baɗi ba zai sake ba. Shi ya sa a Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, gari ya kafa kwamitin tsaro, da maza da mata da wakilan makiyaya, aka sa ƙa'ida da tara, kowa ya san ta.

Doka ma ta sake. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa da ake kira kofo, masu shata burtali da makiyaya. Sabuwar dokar daji ta fito a 2004. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar da iyakar noma ta 1961. A watan Yuli na 2020 kuma aka sa hannu kan dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin iccen da ya raina a gonarsa.

AIKIN DA KE GABAN KOWANE GARI

Ruwan Tanut da na kwarin Tarka bai kai na Magarya ba, don haka icce a nan ya fi jinkirin girma. Amma sabara da anza da aduwa da magarya da kandili da ɗakwara ƴan ƙasa ne, sun saba da ƙishirwa. Ga abin da ya kamata a yi tun kafin sharar gona:

1. Mai gari ya tara jama'a, da liman, da sarkin noma, da shugabar mata, da matasa, da arɗo da shugabannin Buzaye na kewaye. Ƙa'idar da aka yanke ba da makiyayi ba, ba za ta kai kaka ba.

2. A kowane kututture a zaɓi toho biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran da gatari mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. A rage rassan ƙasa har rabin tsawon tohon. A ɗaura ƙyalle don mai wucewa ya san da mai shi. A fara da kamar gindi 40 a hekta. Abin da aka cire na murhu ne.

3. A bar rabin kara kwance a gona. Shi ke kama ƙurar da iska ta ɗauko daga wani wuri, gara kuma ta ci shi ta huda ƙasa.

4. A kan fako a haƙa tassa da rabin wata tun da rani, bakinsu na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a zuba taki.

5. A fita da kofo a shata burtali da bakin tabki, a kafa alama. Wanda ya ci hanya ya mayar.

6. Mai sassabo wa bisashe ganye ya bar kan icce da rabin rassa, kada ya koma wa icce ɗaya shekara biyu a jere.

7. Da ciyawa ta fara bushewa a share hanyoyin tare gobara. Mai kwasar ciyawa ya bar wa ƙasa rabonta.

8. Mata su gina murhu mai rufi, ya fi duwatsu uku tsimin icce. Mutanen birni masu hali su koma ga gas, tun da matatar mai da aka buɗe a 2011 a ƙasar Ollelewa tana fitar da shi.

Ma'aikatan gandun daji da malaman gona na Tanut da Belbeji su ne masu nuna aikin a gona, a neme su. Amma ba su za su kwana suna gadin toho ba. Gatari ɗaya-ɗaya ya cinye daji, kututture ɗaya-ɗaya zai komo da shi, da yayyafi kogi kan cika. Garin da ya fara bana, cikin shekara uku ko huɗu matansa za su sami iccen girki a gonar gida.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali da wurin yaƙi da jahilci. Allah ya ba da damana mai albarka.