Citta da Gashi Suna Rage Ciwon Mara, Amma a Fara Gano Cutar

Akwai matan da duk wata sai sun kwanta kwana biyu ko uku a dunƙule, ga amai ga zufa, mara na murɗawa har ciwon ya sauka ƙugu da cinyoyi. Wata shiga banɗaki a kwanakin al'ada shi ne tashin hankalinta. Wata kwanciyar aure take tsoro, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa. Amsar da ake ba su a gidajenmu sananniya ce: ki yi haƙuri, in kin yi aure zai daina, in kin haihu zai tafi. Alhali da yawansu cuta ce ke cin su, wadda likitoci ke kira endometiriyosis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, wato mata da 'yan mata miliyan 190.

Wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa inda ba muhallinsa ba: a kan ma'ajiyar ƙwai, a bayan mahaifa, wani lokaci har jikin hanji da mafitsara. Duk wata, sinadaran jikin da ke kawo al'ada suna taɓa shi, ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da hanyar fita. Daga nan sai tabo, sai kayan ciki su manne da juna. Har yau ba a samo maganin da ke kawar da ita ɗungurungum ba, shi ya sa mata a ko'ina suke neman sauƙi a abinci da tsirrai da gyaran rayuwa. Ban ga laifinsu ba. Ina ma tare da su, muddin an san iyakar abin.

Gashi shi ne mafi araha, kuma yana aiki. Gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin tawul, a ɗora a mara ko ƙugu, tana sassauta jijiyoyin da suka ɗaure. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001 ya nuna ɗumi mai ɗorewa a mara yana rage ciwon al'ada daidai da ibuprofen. Sai dai ɗumi aka ce, ba ƙuna ba. Likitoci sun san tabon nan baƙi-baƙi mai zane kamar raga da ke fitowa a marar macen da ta shekara tana manna ruwan zafi a fata, kuma ba lallai ya goge ba.

Citta ma ba ta rasa hujja ba. A Iran, a 2009, an gwada garinta a kan ɗalibai mata, miligiram 250 sau huɗu a rana a kwana ukun farko na al'ada, aka ga sauƙin da ta kawo bai gaza na magungunan asibiti ba. To amma waɗannan gwaje-gwaje biyu a kan ciwon al'ada na yau da kullum aka yi su. Gashi da citta suna iya rage raɗaɗi, ba sa taɓa naman da ya tsiro. Kurkur da ake ta zuzutawa kuwa, yawancin abin da aka gani nasa a ɗakin gwaji ne da jikin dabbobi.

Batun abinci ya fi buƙatar natsuwa. Masu bincike a Jami'ar Harvard sun bi rayuwar ma'aikatan jinya sama da 70,000 na tsawon shekaru, suka bayyana a 2010 cewa masu yawan cin irin man da ke jikin kifi, kamar sardin da titus, ba su cika kamuwa da cutar ba, masu yawan cin daskararren man masana'anta kuma sun fi kamuwa. Wannan bai ce kifi na warkar da wadda ta riga ta kamu ba. Abin da nake gani ya fi amfani shi ne mace ta zama mai lura da kanta. Ta riƙa rubuta abin da ta ci da yadda cikinta ya kwana. Wata wake ko albasa ke kumbura mata ciki, wata madara, wata alkama, wata kuma babu ruwanta da su. Ta kuma guji taurin bayan gida, domin yunƙuri a kan hanjin da ya manne azaba ce. Miyar kuka da kuɓewa da zogale da isasshen ruwa suna nan a gabanmu. Tafiyar ƙafa da miƙe jiki suna taimaka wa wasu, haka ma likitocin gashin ƙashi da suka ƙware a jijiyoyin ƙasan mara. Ƙungiyar ƙwararrun haihuwa ta Turai, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce likita ya tattauna irin waɗannan hanyoyi da majinyaciya, amma hujja ba ta kai a fifita ɗaya a kan sauran ba.

Akwai kuma abin da ba a sayarwa a kasuwa, wato hutu. Macen da ke cikin wannan hali tana buƙatar a ɗauke mata girki da wanki na kwana biyu ba tare da gori ba. Maigidan da ya fahimci cewa ƙin shimfiɗa ba ƙiyayya ba ce, da uwar mijin da ta daina cewa lalaci ne, sun rage mata damuwar da ke ƙara hura ciwon.

Inda nake ja da baya shi ne wurin masu lasifika a kasuwa da masu talla a Facebook da TikTok, waɗanda ke rantsuwa cewa haɗinsu yana wanke mahaifa tas. Babu abin sha da ke wanke tabon da ke wajen mahaifa. Matsi da kanwa da saiwoyi kuwa ya ƙona mata da dama, wasu har gabansu ya tsuke sai da aka yi aiki. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta. Haka allurai da ƙwayoyi irin su tiramadol da ake karɓa a kemis ba takardar likita, sun jefa wasu cikin jarabar da ta fi ciwon.

Sai kuma ciwon sanyi, wanda ake liƙa wa kusan duk macen da ta ce mararta na ciwo. A sha wannan maganin ƙwayoyin cuta, a koma wancan, shekaru na tafiya. Wannan kuskure tsoho ne. An daɗe ana koyar da cewa endometiriyosis cutar Turawa masu hali ce, sai da wani likita a Chicago, Donald Chatman, ya nuna a 1976 cewa ana ta yi wa mata baƙar fata maganin sanyi alhali ita ke damunsu. A Ibadan ma, binciken da aka wallafa a 2015 ya gano ta a jikin kusan rabin matan da aka leƙa cikinsu da kyamara saboda matsalolin mata.

Jinkirin gano cutar yana da tsada, musamman ga mai neman haihuwa, domin cutar na cikin manyan dalilan rashin samun ciki, ko da yake da yawa masu ita suna haihuwa. Shi kansa cikin ba magani ba ne: ciwon na iya lafawa, ya dawo bayan yaye. Asibiti na da abin bayarwa. Akwai hoton ciki, akwai magungunan da ke kwantar da al'ada, ciki har da ƙwayoyin tazarar haihuwa waɗanda ba sa hana haihuwa bayan an daina su, akwai kuma aikin da ake zura 'yar kyamara ta cibiya a ga naman a cire shi. Duk wadda ciwon al'ada ke hana ta makaranta ko aiki, ta rubuta ranakun ciwon da inda yake kama ta na wata uku, ta kai wa likitan mata a asibitin koyarwa mafi kusa da ita, ta tambaye shi kai tsaye ko endometiriyosis ce. Idan yarinya ce mai jin nauyin magana, uwarta ta raka ta.